Almakashi a Marwa

"Goge shi, Rakan."

"Ya Ruma, ya galbi, tsaya mana. Kin duba mutanen da suka kalla kuwa? Wallahi tun da na buɗe shafin nan ban taɓa ganin..."

"Ban tambaye ka yawan 'yan kallo ba. Cewa na yi ka goge."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta cikin hanci, wadda a da nake maimaita saƙon muryarsa don kawai in sake jin ta. "Ai na rufe fuskar. Wa zai gane ta?"

"Ka rufe fuska ka bar kai a buɗe?"

"Wane kai kuma? Gashin ma ai babu, ya shekha."

Na kashe wayar na kife ta a kan firij, don in na ƙara jin kalma ɗaya sai na faɗi abin da ba a faɗa a garin nan mai alfarma.

'Yan'uwana masu bibiyar labarin nan, musamman ku da kuka cika min akwatin saƙo da "Allah Ya ba mu irin Rakan", ku gyara zama. Yau zan nuna muku gwarzon naku ba turare ba guga. Wadda kuma yau ta fara leƙowa, sannu da zuwa. Sunana Rumasa'u, a unguwar Mansur ta Makka aka haife ni, cikin hayaƙin masu tsire da hayaniyar masu shago, inda za ki ji Hausa da Larabci suna fita daga baki ɗaya ba tare da sun yi karo ba. Kakana daga Katsina ya taso don aikin Hajji bai koma ba, bai kuma yi takarda lokacin da ake yi ba, shi ya sa har yau da iƙama, takardar izinin zama, muke zaune kamar baƙin da suka sauka jiya. Kakan Rakan kuwa ya yi tasa. Bahaushe ne kamar mu, a gidansu ma tuwo ake tuƙawa, amma yana da jinsiyya, ɗan ƙasa ne, kuma yana tafiya kamar a goshinsa aka manna ta. Ranar Alhamis mai zuwa aka sa milkarmu, wato ɗaurin aure, bayan mun yi jiran takardar amincewar hukuma har Ummi ta rame.

Sana'arsa magana ce. Zai zauna gaban kyamara cikin farin tobi, doguwar rigar nan ta Larabawa, mai guga kamar takarda, ya karya shimag ɗinsa, mayafin kan maza, daidai tsakiyar goshi, bayansa kanta cike da littattafai waɗanda wasu ko ledarsu ba a ɓare ba, ku zuƙo hoton ku gani. Daga nan sai ya hau kafofin yaɗa labaran Turawa da faɗa. "Haƙƙin iyaye! Haƙƙin iyaye!" yana ɗaga yatsa mai zoben azurfa. Ni kuwa da karatun littattafan soyayya ya sa ni tabarau tun ina ƙarama, sai na ga jarumi mai kare raunana. Har waƙa na rubuta wa yatsan nan, jama'a. Yatsa!

Labarin yayata da 'yarta ne zan shiga, kafin kuma wata ta ce ai ke ma ga shi kina tallata su: na tambayi uwar, na tambayi 'yar. Sunan da zan kira yarinyar da shi ma ba nata ba ne, ita ta zaɓa da bakinta. Bambancina da wani ke nan.

Yaya Kabira ita ce babbarmu. Aure ya kai ta Kanada, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tilo, Nuha, mai shekara sha huɗu. Wata rana Yaya ta je makaranta ɗaukar ta don ganin likitan haƙori. Tana tsaye a ofis sai ta ji wata malama ta leƙa aji ta kira wani sunan maza, sai ga 'yarta ta fito da jaka a kafaɗa. Ashe an daɗe ana kiranta da shi, ana ɗaukar ta a matsayin namiji. Malamai sun sani, mai gadi ya sani, mai raba abinci ta sani. Uwar da sai ta sa hannu kafin a ba yarinyar ko maganin ciwon kai, ita kaɗai aka ga ba ta cancanci sani ba. Da ta tambaya suka ce tsarinsu ne, sirrin yaro ne.

Iyaye suka yi taro, Yaya ta je. Wata 'yar jarida ta gidan talabijin ta ja ta gefe suka daɗe suna hira. Yaya ta yi magana a nutse, ta ce ba ta taɓa ɗaga wa 'yarta hannu ba, ba za ta kore ta ba ko sama da ƙasa za su haɗu, tambayarta ɗaya ce: don me ba a gaya min ba? Ta yi kuka, 'yar jaridar ta miƙa mata tishu tana kaɗa kai kamar ƙanwar uwarta. Da labarai suka fito, duk wannan ba a gan shi ba. Abin da suka nuna shi ne lokacin da Yaya ta bugi tebur a zauren taron, hijabi ya karkace, baki a buɗe, a ƙasa an rubuta wai masu tsattsauran ra'ayi sun hargitsa taro. Ɗaya ɓangaren kuwa, masu goyon bayan makarantar, an zaunar da su kan kujeru masu laushi, ga furanni a baya, ga kiɗa mai sanyi. Ba a daɗe ba ma'aikatan kula da yara suka fara ƙwanƙwasa mata ƙofa. Yanzu haka akwai zama da ke jiranta in ta koma, inda wasu da ba su san daren da yarinyar ta fara haƙori ba za su duba ko gidan uwarta ya dace da ita. Lauyarta ta ce mata: ki je Umararki a hutun makaranta, ki dawo kan lokaci, amma kada wani abu ya fito da zai nuna kin kai ta can ne don a tanƙwara ta. In ya fito, ana iya raba ku.

Wannan gargaɗin a cikin motar Rakan Yaya ta maimaita wa Abba shi, ranar da suka je ɗauko su daga Jidda. Shi ke tuƙi. Da kunnensa ya ji, har yana ce wa Yaya "La haula, Abla, Allah Ya isar miki."

Jiya da hantsi muka raka su Umara. Gwiwoyin Ummi sun daina ɗaukar ta, sai Rakan ya ce shi zai tura ta a keke. Tun daga Safa har Marwa take sa masa albarka, ni kuma ina bayansu ina satar kallon faɗin kafaɗarsa ina istigfari.

Ku da kuka yi Umara kun san ba ta cika sai mace ta rage gashinta gwargwadon gaɓar yatsa. Mu matan gidanmu muna da yadda muke yi. Ba ma karɓar almakashin kowa. Akwai wani ɗan ƙarami na kakarmu da Ummi ke naɗewa a hankici. Mukan raɓe jikin bango mu yi da'ira, kowace ta buɗe abayarta kamar fiffike, ta tsakiya ta zaro jelar kitsonta ta ƙarƙashin mayafi a datsa, ba wanda ya ga ko sili ɗaya. Haka aka yi wa Ummi tana yarinya, haka aka yi mana.

Da aka zo kan Nuha, Yaya ta tura hannu ƙarƙashin hijabinta tana laluben jela. Ta san Nuha ta aske gashinta, da idonta ta gani tun a can, amma hannun uwa ya manta. Ya yi ta lalube bai sami abin kamawa ba. Dole ta zame hijabin baya. Ga kan nan ƙwal, kamar na yaron da ya fito daga shagon aski. Yaya ta riƙa tsintar ɗan abin da ya tsiro da farce tana datsa, almakashin yana rawa a hannunta. Hawaye kawai ke sauka a fuskar Nuha. Da aka gama Yaya ta sumbaci tsakiyar kan, yarinyar ta kifa fuska a ƙirjinta. Ni na buɗe abayata iya ƙarfina har kafaɗuna suka yi tsami. Sai dai ni gajeriya ce. Rakan kuwa dogo ne, yana tsaye ta sama inda wurin ya yi tudu, hannu ɗaya kan keken da babu kowa, ɗayan kuma ya ɗaga waya ta saman kaina.

Ban sani ba sai yau da safe, da na buɗe zauren matan unguwa a WhatsApp na tarar ana biki.

"Masha Allah, wannan ba 'yar Kabira ba ce?"

"Ita ce mana, ga abayar Ruma nan mai zaren zinare a hannu."

"Au, ashe shi ya sa ba a fito da ita gaisuwa ba."

"Allah Ya shirya mana zuri'a. Ni daman tun da aka ce Turai na san za a rina."

Mai wannan maganar ta ƙarshe, ɗanta ya fi shekara yana neman bizar Turan bai samu ba, amma bari in yi shiru.

Na danna bidiyon. Ya sa masa waƙar nashida mai sa kuka, ya rage gudun hoton yadda kowane hawaye zai fito. Ya shafe fuskar Nuha da ɗan hazo, amma kan nan da ba namijin da ya halatta ya gani yana buɗe ga duniya. A sama ya rubuta da Larabci da Turanci: "Sun sace ta da sunan 'yanci, mun kuɓutar da ita a Marwa." Mun! Sannan muryarsa ta shigo tana faɗin ƙasar, da shekarun yarinyar, da labarin makarantar. Don kada ma wani ya sha wahalar bincike, sai ya liƙa hoton nan na Yaya tana bugun tebur, wanda ya yi wata guda yana tsine wa waɗanda suka yanka shi. Su sun yanko ta don su nuna dodo. Shi ya yanko ta don ya nuna kansa.

Bayan na kife wayar na juya, sai ga Ummi a ƙofar kicin tana riƙe da kaskon turaren wuta, idonta ja. Ta gani ita ma.

"Kuskure ne, ya binti," ta ce. "Namiji ne, ba ya hango nesa. Ki lallaɓa shi."

"Na lallaɓa, Ummi. Cewa ya yi gashin ma babu."

Ta runtse ido kamar na mare ta, amma ta daure. "An raba kati. An kama ɗakin biki. Yau da la'asar uwarsa za ta kawo shabka. Kina so 'ya'yanki su tashi kamar ku, kullum gabansu na faɗuwa in iƙama ta kusa ƙarewa? Kin fi kowa karatu a ajinku, ina ya kai ki? Ni na gaji da ganin ƙofa tana rufuwa a fuskar 'ya'yana, Rumasa'u."

"Ita Yaya fa? Ba 'yarki ba ce?"

Ta zuba turare a garwashin da yawa har hayaƙi ya rufe mata fuska, ta wuce tana tari.

Na sami Yaya a kan sallaya, waya a kunne, tana ta kiran lauyar da ba ta tashi daga barci ba saboda bambancin lokaci. Nuha kuma tana ɗakina a ƙarƙashin na'urar sanyi, ta ja hular rigarta ta rufe kai, ta rungume gwiwoyi. Na zauna gefenta na rasa ta inda zan fara. Ita ta fara, da Hausarta mai tuntuɓe.

"Anti Ruma, ya ce wai na tuba a wurin. Ni ban ce komai ba. Na yi kuka don hannun Mama yana rawa."

"Na sani, habibti."

"A makaranta suna magana a kaina, ba Mama. Shi yana magana a kaina, ba Mama, ba ni." Ta ja hanci. "In suka gani za su ɗauke ni? Ni ban ce ina son wani gida ba. Ban taɓa cewa ba."

Wallahi 'yan'uwa, ban san abin da ke cikin zuciyar yarinyar nan ba, ba kuma zan zauna nan in yi muku ƙaryar na sani ba. Ina da abin da na yi imani da shi, ina kuma yi mata addu'a a kowace sujada. Abin da na sani shi ne wannan magana ce ta uwa da 'yarta, a ɗaki, ƙofa a rufe, ko za ta ɗauke su shekaru. Ba ta malamar aji ba ce, ba ta mai tishu ba ce, ba kuma ta mai zoben azurfa ba.

Bayan la'asar suka iso. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Hala Ikhlas, wato Inna Ikhlas, ta shigo da abaya mai duwatsu tana walƙiya kamar shagon fitilu, awarwaro tun daga wuyan hannu har kusan gwiwa, tana riƙe da akwatin shabka ja mai karammiski, sarƙa da 'yan kunnen da ango ke kawo wa amarya. Shi kuma ƙanshin turarensa na oud ya riga shi hawa bene. Aka zauna a majalisi, Abba a kusurwarsa da carbi. Ka'ida ita ce in miƙo gahawa daga bakin labule in koma. Na sa baƙar abayata marar ado, na ɗaura niƙabi, na shiga da butar har tsakiyar ɗaki, na tsaya.

Rakan bai ma lura ba, yana tsakiyar ba Abba labari. "Ya ammi, wata tashar tauraron ɗan'adam ta kira ni. Ranar Asabar za su sa ni kai tsaye. Na ce musu uwar ma tana nan, in Abla Kabira ta yarda ta fito, wallahi sai mun girgiza su. Wannan yaƙi ne, ya ammi, yaƙin iyaye!"

"Wace uwar ka tambaya?"

Yaya ce. Tana tsaye a bakin labule da hijabin sallarta, muryarta ƙasa ƙasa.

Ya juya yana murmushi. "Abla, don ke na yi. Don ita na yi."

"Haka makarantar ma suka ce min," in ji Yaya. "Don ita suka yi."

Na jira, Allah Ya sani na jira. Wani ɓangare na zuciyata, wancan mai rubuta waƙa, yana roƙon ya sunkuyar da kai ya ciro wayar ya ce astagfirullah. Da ya yi, da wataƙila yau wani labarin kuke karantawa.

Sai ya gyara shimag. "Ɗayyib. Zan sauke shi bayan shirin Asabar. Yanzu yana kan tashi, in na cire sai a ce mun ji tsoro."

"Kafin Asabar ya isa teburin waɗanda za su raba ta da 'yarta," na ce. "A motarka aka faɗa. Ko kana sauraren kanka ne a lokacin?"

"Ruma, ke ba ki san yadda harkar yaɗa labarai take ba."

"Na sani mana. A sami mace tana kuka, a yanko inda ya fi daɗin kallo, a rubuta abin da ake so a ƙasa. Ai kai da 'yar jaridar can malaminku ɗaya, ita dai ta fi ka tarbiyya, ta ba da tishu."

"Rumasa'u!" Ummi ta kira daga bayan labule.

Hala Ikhlas ta rufe akwatin shabkar ƙwas, awarwaronta suka yi kuka. "Ikon Allah. Ya Abu Kabira, haka ake tarbiyya a gidan nan? Mu da muka tsallake 'yan mata masu jinsiyya, muka sha zirga-zirgar ofisoshi don mu rufa wa 'yar iƙama asiri?"

"Asiri, Hala?" na ce. "Jiya na buɗe abayata don in rufa wa yarinya asiri a Marwa. Ki tambayi ɗanki ta ina ya leƙo."

Rakan ya miƙe, fuskarsa ta canza, Hausar ma ta gudu ta bar shi da rabi. "Halas! Nan da Alhamis ke matata ce, su kuma ahalina ne, ina da haƙƙi in yi magana a kansu. Kuma ki yi tunani da kyau. Wa zai sake hawa benen nan ya nemi takarda saboda ke?"

Na kalli Abba. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana tsallaka titi in ya hango motar hukuma, ko da takardunsa lafiya lau suke a aljihu. Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya ɗago ya dube ni, ya kuma dubi labulen, inda wasu 'yan yatsu sirara suka riƙe gefensa, da hular riga tana leƙowa.

Na ajiye butar gahawa. Na zare zoben baikon da na kwana ina sumbata ranar da aka sa min shi, na jefa shi cikin finjalin Rakan. Ya yi ƙara, gahawar ta fantsal a farin tobin nan mai guga.

"Abba, a kira mai ɗaurin aure a ce ya huta, babu milka ranar Alhamis, babu ita har abada. Kai kuma, ɗaukar hoton mace a yaɗa ba da izininta ba laifi ne a ƙasar nan taka, ka fi ni sani. In aka kira magariba bidiyon nan yana sama, gobe da safe ni da Yaya muna ofishin 'yan sanda, da iƙamar tawa a hannu."